Ɗan Fari a Gaban Majistare

Ni haihuwar Agege ce, a nan aka yanke mini cibiya, kuma Yarbanci ya riga Hausa zama a bakina. Yayana kuwa a ƙauyenmu aka haife shi, can ƙasar Kano, kafin iyayenmu su taho Legas. Shi ne ɗan fari. Da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, ita ta raine shi, bai zo wajenmu ba sai da gemu ya fito masa, bayan rasuwar Baba. Ya samu dako a kasuwar Mile 12, yana sauke kwandunan tumatir daga manyan motoci. Ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, ko Turancin buroka da yaran layinmu ke yi bai iya ba. Ni kuma ba na raga masa, kullum cikin tsokanarsa nake da baƙauye. Shi dai murmushi yake yi ya ce, "Ke 'yar Ikko, bakinki ya fi ƙarfinki."

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wanda ya tashi a Arewa ba sai an yi masa bayanin kunyar ɗan fari ba, amma mu 'ya'yan Legas abin dariya muka ɗauke ta. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi, kuma ba ta yarda a gaban mutane cewa ita ta haife shi. In ta zuba masa abinci sai ta ce da ni, "Miƙa wa na Tsohuwa," wato ɗan kakarmu. In wani yaro mai irin sunansa ya zo sayen wainar da take soyawa a ƙofar gida, shi ma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "kai yaro." Amma ni ke miƙa kwanon, na kuma san kwanon da tsoka ta fi yawa a ciki.

Wata rana faɗa ya kaure a bakin kasuwa tsakanin 'yan tasha da masu lodi. Aka fasa gilasan motoci, aka ji wa wani mutum mummunan ciwo. 'Yan sanda ba su iso ba sai da ƙura ta lafa, suka kwashi duk wanda suka tarar. Masu wayo sun riga sun cika wandonsu da iska. Yaya yana zaune a kan kwando yana cin burodi da wake, kuma tunda bai yi komai ba bai ga dalilin gudu ba. Aka haɗa da shi, aka kai su kotu a tare, aka karanta wani abu da bai fahimta ba, aka ce a tsare su a gidan yari har sai shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a a kan wanda za a tuhuma da wanda za a saki.

Shawarar nan muka yi ta jira. Azumi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce bai yi ba. Na haddace dalilan ɗage shari'a kamar karatun allo. Yau motar gidan yari ba ta da mai. Gobe ta taso amma goslo ya riƙe ta har kotu ta tashi. Ranar da ta iso da wuri, an canza wa majistare wurin aiki. Da sabo ya zo, mai gabatar da ƙara ya tafi taro. Ranar da kowa ya hallara kuma, aka duba aka ga babu tafintan Hausa. Ni ina zaune a benci da Hausa da Turanci da Yarbanci duk a bakina, amma aka ce 'yar'uwa ba ta yi wa ɗan'uwanta tafinta.

A unguwa cewa muka yi ya yi tafiya. Inna ta faɗa sau ɗaya, mutane suka ɗauka gida ya koma noma, mu kuma ba mu gyara musu ba. Ni ke kai masa abinci. Nakan zuba a kula in sa a cikin jaka in rufe da atamfa kamar mai zuwa wajen tela, in bi gefen layin dogo har tasha ta gaba, don kada in hau danfo, motar hayar Legas, da wanda ya san ni. A ƙofar gidan yari akwai layi, kuma a nan nake jin kamar in nutse. Gandiroba zai buɗe kular a gaban kowa, ya dama tuwon da cokali yana neman abin da aka ɓoye, sannan ya ce in ci loma ɗaya ya gani. Ni da ba a taɓa kada ni a cacar baki ba a layinmu, sai in tsaya ina haɗiyar tuwo kaina a ƙasa, ina addu'a kada Allah ya kawo wani ɗan Agege.

Yaya ya yi ta ramewa. Ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu, ƙafafunsa suka kumbura saboda a tsugune suke kwana, ɗakin ya yi musu kaɗan. Daga baya tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Duk zuwan da na yi tambayarsa ɗaya ce, "Ya mutanen gida?" Ya san Inna kaɗai ce a gidan, ni ma na san ita yake nufi. In na dawo kuma Inna ba ta tambaya. Sai ta karɓi kular ta buɗe ta ga ko an cinye, ta tsaya tana wanke ta fiye da yadda ake wanke kula, har sai na gaji na fara ba da labari da kaina.

Ana nan sai muka ji a rediyo cewa za a hanzarta shari'ar masu jiran shari'a, an ware wasu majistarori su zauna na ɗan lokaci a kan tsofaffin ƙararraki kawai, kuma akwai lauyoyin da za su tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Na ce a raina mun sha jin irinta. Amma da na je ziyara ta gaba sai na tarar wata lauya ta riga ta ga Yaya, ta bar saƙo in neme ta. Bayarbiya ce, gajeruwa, mai saurin magana da saurin tafiya. Da ta ji Yarbancina ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta yarda ni Bahaushiya ce ba.

Ta ce shawarar ma'aikata har yanzu ba ta fito ba, amma za ta nemi beli, kuma tana da yaƙinin za a bayar. Sharaɗi ɗaya ne, wanda zai tsaya masa ya zama jininsa ne, babba, mai mazauni sananne a Legas. Ni ba ni da aiki ba ni da gida, ba za a karɓe ni ba. Gidan da Baba ya bari kuwa Inna ce a ciki. "Ki kawo Mama kawai," in ji lauya. "Za a tambaye ta ko ɗanta ne, ta ce eh, ta faɗi sunansa, shi ke nan. A ranar zai kwana a gida."

Na dawo na gaya wa Inna duk yadda aka yi. Tana juya waina a tanda ta ce, "To." Ban kawo komai a raina ba. Abin da na tashi ina gani kullum ya zame mini kamar bangon ɗaki, na daina ganinsa, kuma na ɗauka kunya ta cikin gida ce, ba ta bin mutum har kotu. Ita kuma lauya ina za ta san akwai uwar da za a yi wa wannan tambaya ta tsaya tunani.

Ranar zaman, kotun cike take, har a bakin taga mutane suke. Majistaren mace ce mai tabarau, ba ta wasa, tana sallamar ƙararraki ɗaya bayan ɗaya. An samo tafinta, wani ɗan sanda mutumin Filato, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita. Aka shigo da Yaya aka tsayar da shi a akwatin waɗanda ake tuhuma. Lauya ta yi bayaninta, mai gabatar da ƙara bai ja ba. Majistare ta ce mai tsayawa ta taso.

Inna ta miƙe ta je gaba. Tsakaninta da Yaya bai fi tsawon tabarma ba, kuma rabon da ta gan shi tun safiyar da ya fita kasuwa. Ta juya masa gefe.

"Mama," in ji tafinta, "oga tana tambaya, wannan yaro ɗanki ne?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

Tafinta ya juya yadda ta faɗa. Majistare ta ɗaga kai ta ce a sake tambaya.

"Mama, ba gida ake tambaya ba. Ke kika haife shi?"

"Kakarsa ce ta raine shi," in ji Inna, muryarta can ƙasa.

"To mene ne sunansa?"

Fanka tana juyawa a sama, wani ya yi tari a baya. Inna ta buɗe baki ta rufe. Sai na ji dariya ta fara tashi daga bencin baya, wata mata ta ce da Yarbanci, "Ko sunan ma ba su koya mata ba." A bakin kowace kotu akwai masu zaman jiran a ɗauke su haya su tsaya beli, yau su zama kawun wannan gobe su zama gwaggon wancan, kuma majistarori sun san da su. Abin da aka ɗauki Inna ke nan. Na miƙe na fara magana da Turanci, ɗan sandan kotu ya daka mini tsawa in zauna. Majistare ta cire tabarau ta wanke lauya tas, ta ce darajar furfura ce kawai ta hana ta sa a tsare tsohuwar nan. Ta sunkuya ta yi rubutu, ta rufe fayil, ta ɗage zaman. Aka fita da Yaya ta ƙofar baya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kafin mu kai ƙofa sai da muka ratsa mutanen nan duka, suna matsa mana hanya suna kallon uwata, mace mai sallar dare da azumin nafila, a matsayin 'yar haya. A waje lauya ta tare ni, idonta ja, ta ce me ya sa na yi mata haka. Na yi mata bayanin ɗan fari ina in'ina, kalmomin suna yi mini nauyi, don a Yarbanci abin ya fi kama da wauta. Sai ta ce su ma a al'adarsu matar gida ba ta kiran sunan ƙannen miji, amma ba a gaban alƙali ba. Ta ce za ta je ta roƙa, sai dai majistare ba za ta yarda da bakin kowa ba sai na Inna. Kuma zama ɗaya ya rage kafin wa'adin majistarorin nan ya ƙare. In aka rasa shi, fayil ɗin Yaya zai koma tsohon layi.

Muka hau danfo muka kamo hanyar gida. Da muka sauka ne na kasa riƙewa na ce, "Inna, tarin nan fa ba zai jira ba." Ta ce, "Na ji shi." Ashe duk juya gefen da ta yi, kunnenta yana wajensa.

Na je wajen Yaya cike da faɗa, ina jiran ya taya ni. Sai na tarar ko a jikinsa. Ya ce, "Kada ki matsa mata."

Na ce, "Yaya, a nan kake so ka mutu?"

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Da ta faɗa a gaban mutanen nan, ni ina zan sa kaina?" Ya yi tari mai tsawo, ya share baki da gefen riga. "A bar wa Allah. Ki ce ina gaida mutanen gida."

Na fito ina huci. Su biyu sun fahimci juna sarai, ni ce bare a tsakaninsu, kuma ni ce mai ɗaukar kula.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ba ta tayar da maganar ba. Ta ci gaba da suyarta, sai dai waina ta fara ƙonewa a hannunta, abin da ban taɓa gani ba. Wata la'asar na fito tsakar gida na same ta tana wanke shinkafar ƙullu, ita kaɗai, leɓenta yana motsi. Na ɗauka tasbihi take yi. Da na matso sai na ga ba tasbihi ba ne, abu ɗaya take farawa tana tsayawa a tsakiya. Ta ɗago ta gan ni. Na yi sauri na koma ɗaki kamar na buɗe mata banɗaki.

Ranar zama na ƙarshe ta sa atamfar da take zuwa suna da ita. Muka zauna a benci na biyu. Aka kira ƙarar, aka shigo da Yaya yana jan ƙafa. Kafin lauya ta buɗe baki sai mai gabatar da ƙara ya miƙe da wata takarda a hannu, ya ce shawarar ma'aikata ta iso. Babu wata shaida a kan wannan mutum, babu wanda ya gan shi a cikin faɗan, gwamnati ba ta da ƙara a kansa. Bai fi minti biyu yana magana ba. Daga baya na ji ashe takardar ta daɗe da fitowa, a kan wani tebur ta kwana har aka fara wannan aikin na tono tsofaffin fayiloli. Majistare ta gyaɗa kai, ta sunkuya ta fara rubuta sallama.

Da Turanci aka yi wannan duka, kuma tafinta bai riga ya miƙe ba. Ni farin ciki ya ɗaure mini harshe, ban juya na gaya wa Inna ba. Ita kuwa abin da ta gani shi ne majistare ta sunkuya tana rubutu ba a kira ta ba, kuma ta san abin da ya biyo bayan rubutun nan wancan karon. Sai kawai na ji benci ya motsa.

"Ɗana ne!"

Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Ta saki mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa. "Ɗana ne, ni na haife shi, ni na ɗauki cikinsa. Shi ne na fari." Sannan ta faɗi sunan. Ta faɗe shi cikakke, da na Baba a haɗe, ta sake maimaitawa don kada a ce ba a ji ba.

Yaya ya waiwaya wajen ƙofa, ya waiwaya wajen gandirobobi, yana neman mai kiransa. Da idonsa ya faɗa a kanta sai ya sa hannu biyu ya rufe fuska, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa katakon akwatin. Ɗan sandan kotu ya yi tsawa a yi shiru. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, amma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ni da na yi ta fatan ta faɗa, da ta faɗa sai na kasa kallonta. Ji na yi kamar zaninta ne ya kwance a tsakiyar kasuwa, ina tsaye ba ni da abin rufa mata.

Majistare ta dubi Inna ta saman tabarau, ta tambayi me ta ce. Tafinta ya gaya mata. Sai ta ce da Turanci, a hankali, ba a buƙatar wannan yanzu, Mama ta zauna. Shi kuma tafinta, Allah ya saka masa, abin da ya juya kawai shi ne, "Mama, ki zauna. An sallame shi, zai tafi gida."

Sai bayan azahar aka gama sa hannu aka sako shi. Muna jira a gindin wata bishiya a harabar kotu, lauya ta riga ta ruga wata ƙarar. Ya fito da 'yar ledarsa, silifas ɗinsa ba su shiga ƙafar ba saboda kumburi. Ya tsaya nesa kaɗan, ya durƙusa ya gaida Inna yana kallon ƙasa, ta amsa tana kallon titi. Na rasa wanda zan tsaya kusa da shi a cikinsu.

Inna ta jawo ni gefe, ta rage murya yadda ba zai ji ba.

"Ke da kike jin Turanci," ta ce, "da ban yi magana ba fa?"

Na dubi fuskarta. Duk ta faɗa a yini ɗaya, leɓenta ya bushe, kuma ta kafe ni da ido tana jira.

Na ce, "Da ba su sake shi ba, Inna."

Ta sauke numfashi ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta gyara mayafinta, ta wuce gabanmu zuwa tasha, ni kuma na koma na kama hannun Yaya muka bi ta a hankali.